Labarin da bai kai ƙurunƙus ba

Duk wanda ya tashi a gidan da ake tatsuniya ya san cewa labari ƙofa biyu gare shi. Akwai ta shiga, inda tsohuwa za ta ce gatanan gatananku, yara su amsa mata. Akwai kuma ta fita, inda za ta ce ƙurunƙus kan kusu, kowa ya miƙe ya kakkaɓe tabarma. Tsakanin ƙofofin nan biyu yara suna cikin amanarta. In barci ya sace ta ana tsakiyar labari, Gizo yana rataye a reshe, kura tana jiran sa a gindin itace, babu yaron da zai kwanta da daɗin rai a wannan dare. Amma akwai gobe. Da an gama tuwon dare za a kewaye ta, a tuna mata inda ta tsaya, ta ɗora. Abin da ke da wuyar ɗauka shi ne ranar da aka wayi gari mai labarin ta tafi da sauransa inda ba a aikawa a tambayo.

Irin wannan ce ta sami ɗimbin masu karatu a ƙasar Japan ran 11 ga watan Maris na 1999, ranar da Kaoru Tada ta rasu tana da shekara 38. Ta bar miji da ɗa, ta kuma bar wani labarin soyayya da barkwanci mai suna Itazura na Kiss, wanda ta yi shekara tara tana zanawa wata bayan wata. An tara abin da ta bari a juzu'i 23, kuma na ƙarshensu ya tsaya ne a tsakiyar magana.

Kafin a gane girman wannan rashi sai an san yadda ake yin manga. Manga shi ne sunan da Japanawa ke kiran labaran zane, irin waɗanda masu Faransanci ke ce wa bande dessinée. Akasari baƙi da fari ne, kuma daga dama ake buɗe littafin a bi shi zuwa hagu, kamar yadda ake buɗe littafin ajami. Labari ba ya fitowa a littafi tun farko. Yakan fara bayyana ne a wata mujalla mai kauri, mai arhar takarda, wadda ke fita kowane mako ko kowane wata, ɗauke da babi ɗaya ɗaya na labarai masu yawa. In babobi sun taru sai a haɗa su a ƙaramin juzu'i. Mujallun sun kasu bisa masu karatu: akwai na samari, akwai na ƴan mata, akwai na manya. Kaoru Tada tana aiki ne da Bessatsu Margaret, mujallar ƴan mata ta wata-wata, ta kamfanin ɗab'i na Shueisha. A wannan sana'a mutum guda ne yawanci ke ƙago labari ya kuma zana shi. Yakan fara da zanen gwaji ya nuna wa edita, su yi gardama, a gyara, sa'an nan a shiga zanen gaske, mataimaka suna cika masa gidaje da tituna da inuwa. Da an miƙa babin wannan wata, na wata mai zuwa ya taso. Saboda haka labarin da ya ɗauki shekara tara ba a taɓa rubuta shi ɗungurungum an ajiye ba. Abin da ba a kai gare shi ba yana cikin kan mai shi, sai fa abin da ya tsakura wa na kusa da shi.

Wannan jira ba baƙo ba ne ga mai karatun Hausa. Littattafan soyayya da ke shigowa daga Kano zuwa kasuwannin Maraɗi da Damagaram kashi-kashi suke zuwa, kuma marubucinsu yakan yanke na ɗaya daidai inda zuciya ta tsinke, ya ce a nemi na biyu. Wadda ta taɓa zarya wurin mai sayar da littattafai tana tambayar ko na uku ya iso ta san ɗanɗanon abin. Bambancin kawai shi ne tsawon jiran. Yarinyar da ta fara karanta Itazura na Kiss a 1990 tana da shekara 15 ta kai 24 lokacin da aka ce mata babu ci gaba. Ta gama makaranta tare da mutanen cikin labarin, wataƙila ta yi aure kusan lokacin da suka yi.

An haifi Kaoru Tada a 1960 a garin Neyagawa, kusa da Osaka. Tana ɗalibar sakandare aka buga aikinta na farko, a 1977. A farkon shekarun 1980 ta yi suna da labarin Ai Shite Knight, na wata ɗiyar mai gidan abinci da wani mawaƙi, wanda aka mai da shi fim ɗin zane mai motsi a 1983. Gidajen talabijin na Faransa sun nuna shi daga 1988 da sunan Embrasse-moi Lucile, ta yadda yara da yawa masu jin Faransanci suka san aikinta ba tare da sun taɓa jin sunanta ba. Amma Itazura na Kiss, wanda ta fara a 1990, shi ne babban aikin rayuwarta. Kalmar itazura tana nufin tsokana ko ɓarna irin ta ƙuruciya, kuma da tsokana labarin ke tafiya tun daga shafinsa na fari.

Ga yadda yake. A wata makarantar sakandare ana raba ɗalibai aji-aji bisa ƙoƙarinsu, daga A na haziƙai zuwa F na ƴan baya. Kotoko Aihara ƴar ajin F ce, mai yawan rawar kai, mai saurin kuka da saurin dariya, marainiya ta wajen uwa. Naoki Irie ɗan ajin A ne, na ɗaya a kowace jarrabawa, wanda in ya duba shafi sau ɗaya ya zauna masa. Bayan ta daɗe tana son sa a ɓoye, Kotoko ta rubuta wasiƙa ta miƙa masa gaban jama'a. Bai ko karɓa ba. Ana cikin wannan kunya sai aka yi ƴar girgizar ƙasa wadda ba ta taɓa gidan kowa ba sai sabon gidan da uban Kotoko ya gina, ya rushe ƙasa warwas. Wani tsohon abokin uban ya ce su taho su zauna wurinsa kafin a sake gini. Da suka isa da kayansu, sai ga shi abokin nan shi ne mahaifin Naoki.

Daga nan raha ta kankama. Uwar Naoki, wadda ta daɗe tana marmarin ɗiya mace, ta ɗauki Kotoko kamar ita ta haife ta, ta kuma duƙufa ƙulla dabarun haɗa ta da ɗanta. Ita ce ma ta nuna mata hoton Naoki yana ƙarami, an sa masa kayan ƴan mata, hoton da Kotoko ta riƙe makami har ta tilasta masa koya mata karatu. Akwai ƙanen Naoki, Yuuki, mai kwaikwayon girman kan wansa. Akwai Kinnosuke, ɗan ajin F mai surutu, wanda ke son Kotoko kamar ransa, ya shiga koyon girki a gidan abincin ubanta don ya kasance kusa da ita. Kotoko ba ta iya girki ba, ba ta iya lissafi ba, duk abin da ta taɓa sai ya zube. Abu guda ta iya, shi ne rashin ja da baya.

Abin da ya bambanta wannan labari da takwarorinsa shi ne inda mai shi ta ajiye aure. A al'adar wasan raha, tun daga wasannin Molière da ake karantawa a lise har zuwa finafinan Indiya da na Kano, ɗaurin aure shi ne ƙurunƙus. Da an shafa fatiha sai a sauke labule, domin abin da ke bayan labule ba na dariya ba ne koyaushe. Kaoru Tada ta aurar da Kotoko da Naoki suna jami'a, labarin bai wuce tsakiya ba, sa'an nan ta bi su cikin ɗaki. Ta nuna kishi da rashin fahimta da gajiyar aiki. Naoki, wanda ubansa ke son ya gaje shi a kamfanin kayan wasan yara, ya zaɓi likitanci, kuma daga bakin Kotoko ne tunanin ya fara shigar masa. Ita kuwa ta bar abin da take karantawa ta koma koyon aikin jinya, da faɗuwa da tashi, don ta tsaya kusa da shi a asibiti. Labarin da ya fara da tambayar ko zai so ta ya rikiɗe ya koma wata tambaya mai nauyi, wato yadda mutum biyu da ba su yi kama ba ko kaɗan za su zauna ƙarƙashin rufi ɗaya shekara da shekaru. Irin wannan tambaya ba ta da ranar rufewa a kalanda. Marubuciya ce kaɗai za ta iya cewa nan ya isa.

Ba kowa ne ke sha'awar wannan aure ba, kuma masu sukarsa suna da hujja. Naoki mutum ne mai sanyin fuska da kaifin harshe. Yakan yarfa Kotoko gaban mutane, yakan yi kwanaki bai ce mata uffan ba, ita kuwa tana bin sa da murmushi. Mai karatu na yau, musamman uwa ko malama, yana iya tambaya ko wannan darasi ne da ya dace a bai wa ƴan mata, cewa a yi ta haƙuri da wulaƙanci har dutse ya dafu. Tambayar ba baƙuwa ba ce a ƙasar da ake raka amarya ɗakinta da kalmar haƙuri fiye da kowace kalma. Masu kare labarin sukan amsa cewa in an duba da kyau, Naoki ne mabuƙaci. Yaro ne da komi ya zo masa da sauƙi har ya rasa abin da yake so a duniya, kuma Kotoko, wadda komi ke ba ta wuya, ita ta koya masa sha'awa da tsoron rashi. Dukan ɓangarorin suna da abin kamawa a cikin juzu'an nan 23. Hukuncin da zai raba gardamar yana cikin shafukan da ba a zana ba: ko Naoki zai sauko daga dokin girman kansa ya biya bashin shekarun da ya ci, ko kuwa marubuciyar za ta bar shi yadda yake.

Ana cikin haka ajali ya zo ta hanyar da ba wanda ya zata. Kaoru Tada da iyalinta suna ƙaura zuwa sabon gida, ana ta hidimar kaya, sai ta bugi kanta da tebur na dutsen marmara. Jini ya zuba mata a ƙwaƙwalwa, ta shiga doguwar suma, bayan ƴan makonni ta cika. Labarin da ta buɗe da sabon gida da ɗaukar kaya, a wurin ɗaukar kaya zuwa sabon gida ya katse. Ba sai an mai da wannan camfi ba. Kana naka Allah yana nasa, kuma mutuwa ba ta duba ko alƙalami ya kai ƙarshen layi. A babin da ta miƙa na ƙarshe, alamu sun fara nuna cewa Kotoko tana da juna biyu, amma ba a riga an tabbatar ba. A nan aka tsaya, ana jiran bushara.

Mutum yana iya cewa ai ba a yi asarar kome ba, tunda kowa ya san abin da zai biyo baya. Gaskiya ne, labarin soyayya mai barkwanci ba ya ɓoye ƙarshensa kamar labarin ɗan sanda da ɓarawo. Tun ranar da Kotoko ta miƙa wasiƙa aka ƙi karɓa, ƴar shekara goma ma ta san za a yi aure. Tun da aka ga tana jin tashin zuciya an san za a yi suna. Abin da ke riƙe mai karatu shekara tara shi ne yadda za a faɗa: a wane gida na shafi za a sa fuskar Naoki lokacin da ya ji labari, zai yi magana ko zai juya baya don kada a ga idonsa, wace ɓarna Kotoko za ta tafka a ɗakin haihuwa da za ta sa a yi dariya ana hawaye. Barkwanci sana'ar auna lokaci ce. Shiru na gida ɗaya kafin a saki magana shi ke haifar da dariya ko ya kashe ta, kuma wannan awo a hannun mai shi yake, ba a barin sa gado. Hausawa sun daɗe da cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Duk da haka labarin bai mutu da ita ba. Tun tana raye, a 1996, an mai da shi wasan talabijin a Japan. Bayan rasuwarta aka yi na Taiwan a 2005, wanda ya karɓu har aka ɗora masa kashi na biyu a 2007. Koriya ta Kudu ta yi nata a 2010, Japan ta sake yin wani a 2013, Tailan ta biyo baya a 2015. Kowace ƙasa, ban da Japan, ta sake wa mutanen suna, ta sa musu tufafinta da abincinta, kuma kowace ta nemi inda za ta sauke labarin da dabararta. Wanda ya fi jan hankali shi ne fim ɗin zane mai motsi na 2008, mai kashi 25, domin shi aka gina a kan ƙarshen da marubuciyar ta yi niyya, kamar yadda mijinta, Shigeru Nishikawa, ya isar. A can aka ga Kotoko ta haihu, aka sa wa ɗiyar suna Kotomi, ta taso tana kishi da uwarta a kan uban. Bayan shekara tara ana jira, masu karatu sun sami amsa, kuma mafi yawansu sun karɓe ta da godiya, da babu gara ba daɗi. Sai dai amsar ta zo ne ta bakin shaida, da zanen wasu hannuwa.

Nan ne maganar ta wuce Japan ta shafi duk mai hulɗa da rubutu. In marubuci ya rasu ya bar aiki a tsakiya, magada da maɗaba'a da masu karatu sukan tsaya a mararraba, kuma tarihin adabi ya nuna hanyoyin da aka bi.

Wasu sun bar aikin yadda mutuwa ta same shi. Da Hergé ya rasu a 1983 ya bar zanen gwaji na Tintin et l'Alph-Art. Mataimakinsa Bob de Moor ya so ya ƙarasa, amma Hergé ya riga ya bayyana cewa ba ya son Tintin ya ci gaba bayansa, don haka matarsa ta sa aka buga zanen a 1986 da ɗanyen fensirinsa. Har yau Tintin yana nan a shafin ƙarshe, an tasa ƙeyarsa da bindiga. Haka kuma rubutun Le Premier Homme, da aka tsinta a jakar Albert Camus a wurin haɗarin motar da ya kashe shi a watan Janairu na 1960, ɗiyarsa Catherine ta fito da shi a 1994 ba tare da ta cike giɓinsa ba. Littafin Ahmadou Kourouma na ƙarshe, Quand on refuse on dit non, shi ma a 2004 ya fito, a shekarar da ta biyo bayan rasuwarsa, bai kammala ba. Masu wannan ra'ayi suna ganin giɓin ma shaida ne, kuma cike shi tamkar share sawun mamaci ne.

Wasu kuma sun ƙarasa, amma suka nuna inda hannu ya sauya. Misalin da ya fi kusa da kunnen Bahaushe shi ne Jalalaini, tafsirin da ake buɗewa kowane azumi a zaurukan malamai. Ba a haɗa darajarsa da ta labarin raha, ladabin ƙarasawa kawai ake dubawa. Jalaluddini al-Mahalli ya yi sharhi daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshen Alƙur'ani, ya ƙara da Fatiha, sai ya rasu a Misira a 1459. Almajirinsa Jalaluddini as-Suyuɗi, wanda daga baya ya rubuto wasiƙa ga sarakunan Agadas da Katsina, shi ya ɗauki abin da ya rage, daga Baƙara zuwa Isra'i. Ya bi salon malaminsa sau da ƙafa, ta yadda mai karatu da wuya ya ji inda aka sauya murya, amma bai ɓoye ba: ya faɗi da bakinsa ga nasa, ga na malam. Shi ya sa littafin ke ɗauke da sunan Jalal biyu. A duniyar zane ma an yi kwatankwacin haka. Da René Goscinny ya rasu a 1977 ana tsakiyar aikin Astérix chez les Belges, Albert Uderzo ya ƙarasa zanen, amma daga inda labarin rasuwar abokinsa ya riske shi sai ya rufe sararin sama da hadari, ya saki ruwa a kan mutanen labarin. A Japan kuwa, bayan rasuwar Kentaro Miura a 2021, mataimakansa sun ci gaba da Berserk daga 2022 ƙarƙashin kulawar amininsa Kouji Mori, wanda ya sanar tun farko cewa abin da marigayin ya faɗa masa kaɗai zai isar.

In aka auna Itazura na Kiss da waɗannan, za a ga an haɗa hanyoyin biyu, kuma wannan shi ne abin yabawa a yadda aka riƙe amanar Kaoru Tada. Ba a ɗauko wani mai zane ya kwaikwayi hannunta ya ƙara juzu'i na 24 da sunanta ba. Littafin yana nan inda ta tsaya. Ƙarshen da mijinta ya isar an kai shi wani gida dabam, wato fim, inda kowa ya san cewa wasu ne suka zana, wasu suka yi murya. Mai son jin yadda aka ƙare yana da inda zai je. Mai son ya tsaya inda hannunta ya tsaya ba wanda ya ruɗe shi. Abin da ke ɓata irin wannan aiki shi ne ɓoye ɗinki, a haɗa tsohon ƙyalle da sabo a goge wurin, a sayar wa mutane a matsayin saƙar masaƙi guda.

Malaman harshe suna da kusanci da wannan matsala fiye da yadda suke zato. Akwai aikin da aka saba bai wa ɗalibai a kwaleji, da Faransanci ko da Hausa: a karanta musu wani yanki na labari, a tsaya a tsakiya, a ce kowa ya ƙarasa. Duk wanda ya taɓa gyara tarin irin waɗannan takardu ya san abin da ke fitowa. Yara suna gaggawar rufe ƙofa. Wannan ya ɗaura aure a layi na biyar, wancan ya kashe kowa a haɗarin mota, wani kuma ya ce ashe duk mafarki ne. Malami yakan duba ko an riƙe lokacin aikatau, ko mai ba da labari bai sauya ba, ko halin mutanen ya ɗore. Waɗannan duka daidai ne, su ne ma abin da as-Suyuɗi ya kiyaye. Amma labarin Kaoru Tada yana nuna cewa akwai abu biyu da ya kamata a ƙara. Na farko, ɗalibi ya ja layi a inda maganar marubuci ta ƙare, ya rubuta sunansa a ƙarƙashi, don ya saba tun yana yaro da raba nasa da na wani. Na biyu, bayan an karanta ƙarshe talatin mabambanta a aji, a koma ga yankin asali a sake karanta shi, a tambayi yara abin da ke cikin muryarsa wanda babu ko ɗaya daga cikinsu da ya iya kamawa. A nan ne yaro zai fara gane abin da ake nufi da salo.

Ƙungiyoyin al'adu ma abin ya shafe su. A gidaje da yawa na ƙasar Hausa akwai adaka ko buhu da ke ɗauke da waƙoƙin ajami na wani malami da ya rasu, ko littafin wasan kwaikwayo na wani tsohon mushe, ko kasat na wani mawaƙi, wasu cikakku, wasu rabi. Ranar da aka tashi fito da su, jarabar gyarawa za ta zo da fuskar alheri: a cika baitin da ya gutsure, a ƙara babin da ya ɓace, don kada a kunyata mamaci. Mai yin haka yana iya zama ɗa ko almajiri mai kyakkyawar niyya, kuma wataƙila shi ya fi kowa sanin abin da marigayin ya nufa. Ba a hana shi ƙarasawa ba. Abin da ake roƙon sa shi ne ya faɗa, ya sa alama, ya bar wa na baya damar su san inda muryar farko ta yi shiru. Mamaci ba ya iya tashi ya ce wannan ba maganata ba ce, don haka nauyin faɗin gaskiya ya koma kan mai rai.

Shekaru fiye da ashirin da biyar ke nan da rasuwar Kaoru Tada, kuma har yanzu ana samun sababbin masu karanta ta, da yawansu ba a haife su ba lokacin da ta ajiye alƙalami. Wasu sukan fara da fim, su san sunan Kotomi tun kafin su taɓa littafin. Duk da haka in suka bi juzu'an ɗaya bayan ɗaya suka iso na 23, sukan tarar da Kotoko a tsaye da tambayarta ba amsa, gidan Irie ya cika da zumuɗi, Naoki bai riga ya nuna irin uban da zai zama ba. Sukan juya shafi don su ga abin da zai ce, sai su tarar babu sauran zane.